Wa Ke Haɗa Maganin: Itacen Ko Ɗan Hayar Da Ke Cikinsa?

Duk wanda ya saba bin bakin rafi ko gefen kududdufi a Kahu, ko Tarai, ko kan hanyar Kibiya zuwa Rano, ya san duman kada. Tsiro ne mai yaɗo a ƙasa, ganyensa kewayayye, furensa kamar ɗan mazurari mai ruwan shunayya. Makiyaya ba sa ƙaunarsa. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau shi kuwa yana nan kore shar, tunkiya ko saniyar da yunwa ta tura ta ci shi da yawa takan kama makyarkyata, tana tangaɗi kamar mai maye. Wannan tsiron dai, da masana ke kira Ipomoea asarifolia, yana nan a arewa maso gabashin Brazil, kuma can ma ɓarnar da yake yi wa dabbobi ke nan. Kowa ya ɗauka dafin na tsiron ne. Ai hankali ma abin da zai ba ka ke nan.

A shekarar 2004 wasu masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Eckhard Leistner, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka riƙa fesa wa duman kada maganin kashe funfuna, sannan suka auna sinadaran da ke cikin ganyen. Wani rukuni na sinadarai masu ƙarfi, waɗanda aka daɗe da sanin akwai su a tsiron, sai suka ɓace ɓat. Tsiron bai mutu ba, yana nan yana yaɗonsa, amma sinadaran babu su. Da aka bi diddigi sai aka tarar da wata farar funfuna maƙale a kan sababbin ganyen da ba su gama buɗewa ba, tana kewaye da ƙananan ƙofofin da ganyen ke fitar da mai, tana kuma bin iri daga uwa zuwa 'ya. A 2011 aka raɗa mata suna Periglandula ipomoeae. Ita ce mai ƙera sinadaran, tsiron masauki kawai ya ba ta. Daga baya ma sinadaran da ake zargi da jawo wa dabbobi makyarkyatar, ita aka danganta su da ita.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kan kalma. Abin da nake kira funfuna a nan ya fi wadda ke fitowa a kan kwantan tuwo faɗi. Dangi ne babba da masana ke kira fungai: yis ɗin da ke kumbura burodi yana ciki, naman kaza da ke tsirowa da damina yana ciki, burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa tana ciki, har da abin da ke kawo ƙyasfi a fata. Cikin wannan dangi akwai waɗanda ke zaune a cikin ganye da ɓawo da saiwar tsiro mai rai, tsakanin tantanin jikinsa, ba tare da sun sa masa wata cuta da ido zai gani ba. Su ake kira endofayit, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "ciki" da "tsiro". Ni dai na fi son in ce musu 'yan haya, domin yawancinsu ba zaman banza suke yi ba, suna biyan kuɗin ɗaki: tsiro ya ba su sukari da mafaka, su kuma wasunsu su ƙera dafin da zai kori ƙwaro, ko dabba, ko wata funfunar da ta zo da sharri. Kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an same shi da irin waɗannan 'yan haya, wani lokaci iri goma-goma a ganye ɗaya.

Kalmar ta tsufa. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Anton de Bary, shi ake jingina wa ita tun 1866. A 1898 kuma masu bincike a Turai suka hango zaren funfuna kwance a cikin ƙwayar wata ciyawa da Larabawa ke kira zawan, wadda ke tsirowa cikin gonar alkama, kuma tun zamanin da aka san in ta gauraya da gari tana sa jiri. A 1904 E. M. Freeman ya nuna yadda funfunar ke bin ƙwaya ta shiga sabon tsiro. Daga nan sai maganar ta kwanta. Shekara saba'in ana kallon abin a matsayin wani ɗan abin mamaki na masu leƙen madubin ƙara girma, ba wanda ya ga kuɗi ko magani a ciki.

Shanu ne suka tayar da ita. A 1931 wani malamin aikin gona na Jami'ar Kentucky a Amurka, E. N. Fergus, ya ga wata ciyawar kiwo a wata gona a kan tudu, kore shar cikin sanyi, ba ta jin fari, ba ta jin tattakawa. Aka yaɗa irinta da sunan Kentucky 31 daga 1943, manoma suka shuka ta a miliyoyin hekta. Ba a jima ba sai koke-koke suka fara: shanu ba sa ƙiba, nono ya ragu, da zafi su tsaya cikin ruwa suna haki, da sanyi kuma wasu kofatonsu ko jelarsu ta ruɓe ta guntule. Aka shafe shekaru ana neman dalili a ƙasa da taki da ita kanta ciyawar. Sai a 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka wallafa abin da suka gani: makiyayar da shanu ke ciwo ciyawarta cike take da wata funfuna a ciki, wadda shanunta ke lafiya kuwa funfunar kaɗan ce. Sinadarin da take ƙerawa yana matse jijiyoyin jini, shi ya sa jini ba ya isa ƙafa da jela. A 1981 aka gano irin wannan a Niyu Zilan, inda tumaki ke tangaɗi bayan sun ci wata ciyawar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni sha'awa. Aka ce to, ai sai a raba ciyawar da funfunar. Aka samar da iri mai tsabta, manoma suka shuka, shanu suka warke. Amma ciyawar ta zama raguwa: ƙwari suka far mata, fari ya kashe ta, cikin 'yan shekaru gonaki suka zama fili. Ashe juriyar da aka yaba wa ciyawar tun farko, rabinta aikin ɗan hayar ne. Dole aka koma neman wasu nau'o'in funfunar masu korar ƙwari amma ba sa cutar da dabba, aka dasa su cikin irin, kuma har yau haka ake sayar da shi.

Sinadaran nan na ciyawar Kentucky da na duman kada 'yan gida ɗaya ne da na wata funfuna mai suna argot, wadda ke kama hatsin Turai, kuma 'yar'uwarta na kama gero a Afirka da Indiya. Daga argot aka fitar da ergometrine a 1935, allurar da ake yi wa mai jego don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Wato dafi da magani a tukunya ɗaya aka dafa su, awo ne ya raba. Kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa duman kada ya ba mai haihuwa. Abin da ke kayar da saniya ba abin wasa ba ne.

Labarin da ya sa duniya ta rikice

A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon wani itace a dazukan jihar Washinton, cikin shirin Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka na gwada dubban tsirrai. Itacen, Taxus brevifolia, ba wanda ya damu da shi, masu yankan katako ƙone shi suke yi. Monroe Wall da Mansukh Wani suka fitar da sinadarin da ke cikin ɓawon, suka bayyana siffarsa a 1971, suka kira shi Taxol. A 1979 Susan Horwitz a New York ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da 'yan sandunan da tantanin jiki ke amfani da su wajen rabuwa biyu, sai ƙwayar sankara ta kasa hayayyafa. A ƙarshen 1992 aka amince da shi don sankarar ƙwan mace, daga baya har sankarar mama. Matsalar ita ce itacen ba ya saurin girma, sinadarin ɗan mitsitsi ne a ɓawonsa, kuma duk wanda aka sassaƙe ya mutu. Sai rigima ta tashi tsakanin masu neman ceton majinyata da masu neman ceton daji.

Ana cikin haka, a 1993, Andrea Stierle da mijinta Donald Stierle da Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana suka wallafa a mujallar Science cewa sun ciro wata funfuna daga ɓawon itacen, kuma tana ƙera Taxol ita kaɗai a cikin kwalba. Aka sa mata suna Taxomyces andreanae, don girmama Andrea. Ka ga inda hankalin kowa ya tafi: in haka ne, ba sai an sare ko itace ɗaya ba, a zuba funfuna cikin manyan tankuna kamar yadda ake yin fenisilin, a kwashi magani.

Ba hauka suka yi da suka yi tsammanin haka ba, akwai misali a gabansu. Manoman shinkafa a Japan sun daɗe da sanin wata cuta da ke sa shuka ta yi tsawo zalalam ta faɗi ba ta yi ƙwaya ba, suna kiranta da sunan da ke nufin wawan tsiro. A 1926 Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wani sinadari ne da funfuna ke fitarwa ke miƙar da shinkafar. Shi ne jibarelin, kuma daga baya aka gane tsirrai da kansu suna ƙera shi don girmansu. Tunda funfuna da tsiro sun taɓa haɗuwa kan sinadari ɗaya, me zai hana su sake?

Sai dai a duba adadin. Rahoton 1993 ya ce funfunar na ba da nanogiram 24 zuwa 50 a kowace lita. Nanogiram ɗaya shi ne giram ɗaya a raba shi gida biliyan. Majinyaci kan sha kimanin miligiram 300 a zama ɗaya na ƙarin ruwa. Yi lissafin da kanka: ko da an ɗauki adadi mafi yawa, sai an noma funfunar a lita miliyan 6, wato tankar mai mai cin lita 33,000 sama da guda 180, kafin a yi wa mutum ɗaya allura sau ɗaya. An ce za a inganta ta. Rahotanni suka yi ta fitowa daga Sin da Indiya da sauran wurare, kowa da tasa funfunar mai Taxol. A 2013 wasu masu bincike a Jamus, Heinig da Scholz da Jennewein, suka koma kan ita Taxomyces ɗin da wasu ire-irenta, suka bincike ƙwayoyin gadonsu, ba su ga injin ƙera Taxol irin na itacen ba, ba su kuma ga sinadarin ba bayan an yi ta sake dasa funfunar. Zarginsu shi ne ɗan abin da aka gani da farko ragowar na itacen ne da ya maƙale a jikinta, ga kuma na'urorin awo da kan ruɗe a irin wannan ƙanƙantar. Har yanzu akwai masu jayayya, amma kasuwa ta riga ta yanke nata hukuncin: Taxol ɗin da ake sayarwa yau daga ganyen dangin itacen ake haɗa shi, ko daga tantanin itacen da ake renonsa cikin tanki. Ba kwalba ɗaya da ta fito daga funfuna.

A ganina wannan takarda ta 1993 ta yi wa fagen alheri ta kuma yi masa illa. Alherin shi ne ta jawo kuɗi da ɗalibai, aka ciro dubban funfuna, aka gano ɗaruruwan sababbin sinadarai. Illar ita ce ta koya wa mutane tambayar da ba ita ce mafi riba ba, wato "shin ɗan hayar na kwaikwayon maigida?" Darbejiya ma ba ta tsira ba. Itacen nan da aka kawo daga Indiya, ya shigo Borno wajen 1928, yau kuma babu garin da ba ya inuwa da shi daga Rano har Maraɗi, yana da sinadarin azadiraktin mai hana fara da tsutsa cin ganye. A 2012 Souvik Kusari da Michael Spiteller da abokansu suka ba da rahoton wata funfuna daga cikin darbejiya mai ƙera shi. Abin burgewa ne, amma adadin kaɗan ne ƙwarai, alhali 'ya'yan darbejiya ga su nan zube a ƙasa kyauta. Su Kusari ɗin ne kuma suka nuna, a kan wani maganin sankara daban, cewa funfunar da aka raba da itacenta tana rage ƙera sinadarin duk lokacin da aka sake dasa ta, har ta daina. Kamar ɗan kasuwar da aka ɗauke daga rumfarsa ne, ba abokin ciniki, ba abokin hamayya, sai ya naɗe hannu.

Inda aka ci riba shi ne inda aka bar funfunar ta nuna nata na kanta. Kamfanin Meiji Seika na Japan ya ciro wata daga ganyen wani fure ɗan'uwan ganyen shayi, Camellia japonica, ya bayyana sinadarinta mai kashe tsutsar ciki a 1992. Daga baya aka gyara shi ya zama emodepside, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin tsutsar kyanwa da kare. Tun 2014 ƙungiyar DNDi ke aiki da Bayer don gwada shi kan makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, an kuma kai gwajin Ghana. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan cuta. Ivermectin da ake rabawa duk shekara 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana iya shekara goma ko fiye a jikin mutum tana haihuwa. Fatan da ake yi wa emodepside shi ne ya kashe uwar. A 2023 an wallafa sakamakon gwajinsa kan tsutsar hanji a tsibirin Pemba na Tanzaniya, kuma ya yi kyau. Lura da tsawon tafiyar: sama da shekara talatin daga ganye zuwa gwajin asibiti.

A nan gida fa?

A Nijeriya, waɗanda suka yi fice a wannan fage su ne Festus Okoye da Charles Esimone da ɗalibansu a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, tare da haɗin gwiwar ɗakin binciken Peter Proksch a Düsseldorf. A 2013, misali, sun bayyana sababbin sinadarai daga wata funfuna, Corynespora cassiicola, da suka ciro daga ganyen utazi, ɗan ganyen nan mai ɗaci da ake sa wa farfesu a kudu maso gabas.

Matakin farko na aikin ba ya buƙatar abin da babu shi a BUK ko ABU Zariya. Za ka tsinko lafiyayyen ganye ko ɓawo, ka wanke, ka tsoma shi cikin barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70, sannan cikin ruwan bilic, ka ɗauraye da ruwan da aka dafa ya mutu. Manufar ita ce duk abin da ke bayan ganyen ya mutu, na ciki kaɗai ya rage. Mai aiki da hankali yakan dangwala ganyen a faranti guda ya ajiye. In wani abu ya tsiro a nan, wankin bai yi ba, a sake. Sai a yayyanka ganyen ƙanana, a ɗora a kan abincin funfuna mai kama da daskararren kamu, wanda ake yi da ruwan dankali da sukari. Bayan kwana uku zuwa mako biyu za ka ga zare fari, ko toka-toka, ko baƙi, yana leƙowa daga bakin yankan. A raba kowanne farantinsa. Daga nan, abin da kan ba baƙo dariya, dafaffiyar shinkafa ake zuba wa cikin kwalba a ba funfunar ta ci har mako uku ko huɗu, sannan a jiƙa da sinadarin da zai tsotso abin da ta ƙera, a gwada a kan ƙwayoyin cuta.

Nan ne tafiyar yawancinmu ke tsayawa, kuma nan nake da ƙorafi kan irin takardun da muke fitarwa. Ɗalibi ya ga jiƙonsa ya hana bakteriya yaɗuwa da 'yan milimita a faranti, sai a rubuta cewa an gano sabon magani. Ba a gano komai ba tukuna. Bilic ma yana kashe bakteriya a faranti. Sai an tace sinadarin shi kaɗai, an san siffarsa da na'urar NMR, an duba ko ba wanda aka sani tun 1970 ba ne aka sake tonowa, an tabbatar ba ya kashe tantanin mutum tare da na cutar. Kuma funfuna ba ta da alkawarin alheri: Aspergillus flavus, mai aflatoksin ɗin da ya addabi gyaɗarmu har masanan Samaru suka duƙufa kansa tun shekarun 1960, ita ma ana ciro ta daga cikin lafiyayyun tsirrai. Da yawa daga samfuran Awka sai da suka je Jamus kafin a san abin da ke cikinsu.

To me ƙasar Rano da Kibiya ke da shi da za ta kawo? Itatuwa da ilimin amfani da su. Marke, maɗaci, sabara, kalgo, bagaruwa, da hano da ke son kan duwatsu irin na Rano. Shi hanon ma sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, don tunawa da J. M. Dalziel, likitan Turawan mulki da ya tattara sunayen tsirranmu ya buga ƙamus ɗinsu na Hausa a 1916. Abin da ya rubuta daga bakin masu magani da makiyaya da mafarauta ya ji shi, waɗanda ba a sa sunan ko ɗayansu a kan itace ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a nemi izinin masu albarkatun halitta da masu iliminsu, a kuma raba riba da su. Da funfuna abin ya fi wuyar tsarewa: buhun sassaƙe ana ganinsa a kan iyaka, amma ɗan faranti ɗaya a aljihun jaka ya isa a yi ta nomanta har abada a wata ƙasa.

Akwai kuma abin da ido ke gani. Je ka duba maɗacin da ke kusa da kowane gari a yankin, da wuya ka sami wanda ba a yi wa sassaƙe ba har iya inda gatari ke kaiwa. In aka zagaye gindin duka, hanyar abincin itacen ta yanke, ya bushe a tsaye, kuma duk 'yan hayar da ke cikinsa sun tafi tare da shi. Mai neman endofayit kuwa ɗan yanki kamar farce ya ishe shi.

Tambaya ɗaya da nake ganin ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka da kayan da ke hannunsa ta fito ne daga bakin masu maganin kansu. Sukan ce sassaƙen wuri kaza ya fi na wuri kaza ƙarfi, ko na kan dutse ya fi na fadama, ko a ɗiba da rani kada a ɗiba da damina. Mukan fassara wannan da bambancin ƙasa da ruwa, kuma sau da yawa haka ne. Amma an sani cewa 'yan hayar itace suna canzawa daga wuri zuwa wuri, daga damina zuwa rani, har daga ganye zuwa saiwa. A ɗauki hano ashirin a duwatsun Rano da wasu ashirin a filayen Kahu, a watan Agusta da kuma watan Maris, a ciro funfunar kowanne, a auna sinadaran ɓawon, a ga ko ƙarfin da mai magani ke faɗa yana tafiya tare da wani ɗan haya. Kowace funfunar da aka ciro a ajiye kwafinta biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Zariya, wani cikin firji wani cikin kwalbar dafaffen ruwa a kan kanta, saboda ranar da wuta za ta ɗauke ta yi mako ba ta dawo ba.